Al-Khawarizmi, malamin Bagadaza da ƴan lise ke kwana a kan lissafinsa



Duk shekara idan damina ta ƙarato, jarrabawar BEPC da ta BAC ma sun ƙarato ke nan. Wanda ya yi yawon dare a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya san abin da ake gani a irin wanga lokaci: samari da ƴan mata ƙarƙashin fitilar hanya, ko cikin zaure da ƴar fitilar sola, sun jingina allo sun cika shi da iks da igirek da wata alama mai kusurwa uku da suke kira delta. Uba ya zo wucewa ya leƙa, bai tsinci komai ba. Shi dai ya san ya sayar da akuya ya sayi kaye da littattafai, ko kuma yayan yaron da ke ci-rani ne ya aiko da kuɗin. Daga nan sai tambaya ta biyo baya, kuma muna yawan jin ta: wai lissafin nan mai haruffa wa ya ƙago shi, kuma me zai tsinana wa yaro? Da yawa sun ɗauka kayan nasara ne. Gaskiya ne ta hanyar lakwal ya shigo mana. Amma sunan fannin kansa, aljabara, Larabci ne, kuma daga bangon wani littafi aka ciro shi, littafin da aka rubuta a Bagadaza shekara 1200 da suka wuce.

Mai littafin shi ne Muhammadu ɗan Musa, wanda aka fi sani da Al-Khawarizmi. An haife shi wajejen shekarar 780, ya rasu wajejen 850. Laƙabin nasa na ƙasa ne, kamar yadda za mu ce Ba'adare ko Bagobiri. Khawarizm yanki ne a kudancin Tekun Aral, inda kogin Amu Darya, wanda Larabawa ke kira Jaihun, ke ƙarasa tafiyarsa. Yau an raba yankin tsakanin Uzbekistan da Turkmenistan, kuma garin Khiva na cikinsa. Don mu ɗora shi a kan zamanin da muka sani: yana ɗan saurayi Imamu Malik ya rasu a Madina a 795, ya zauna gari ɗaya da Imamu Ahmad ɗan Hambali, kuma ya girmi Imamu Buhari da kusan shekara 30. Buhara ma, garin Buhari, a Uzbekistan ɗin take yau.

Bagadazar da ya yi aiki a cikinta sabon gari ne a lokacin. Halifa Mansur ne ya kafa ta a 762 a bakin kogin Dijla, kuma kafin a yi nisa ta zama cibiyar daular Abbasiyawa, inda dukiya da fatake da malamai ke kwarara daga kowace kusurwa. Takarda ta iso garin daga wajen Samarkand, ta fi fata sauƙi da araha, sai rubutu ya yawaita. Sarakunan suna biyan masu fassara su juya littattafan Yunanawa da Farisawa da mutanen Hindu zuwa Larabci. Bayan rasuwar Haruna Rashid a 809, ƴaƴansa biyu, Amin da Ma'amun, suka gwabza yaƙin gado har aka yi wa Bagadaza ƙawanya. Ma'amun ya yi nasara a 813, amma sai a 819 ya shigo garin ya zauna, ya yi mulki har 833. Mutum ne mai son ilimin taurari da lissafi da muhawara. A fadarsa akwai taskar littattafai da ake kira Baitul Hikima, kuma Ibn Nadim, mai sayar da littattafai da ya tsara jerin marubutan Larabci wajejen 987, ya ambaci Al-Khawarizmi a matsayin wanda ya duƙufa da aiki a wannan taska.

A can ne, wajejen 820, ya rubuta littafin da ya ɗaukaka sunansa, wanda ma'anar sunansa ita ce taƙaitaccen littafi kan lissafin jabru da muƙabala. A gabatarwa ya yi godiya ga Ma'amun, ya kuma bayyana cewa ya rubuta shi ne don buƙatun mutane na yau da kullum, irin su rabon gado, wasiyya, shari'a, ciniki, awon filaye da haƙar magudanan ruwa. Ku lura da wannan jeri da kyau. Babu ɗaya a ciki da ba ya kai mutane gaban maigari ko alƙali a ƙasarmu har gobe.

To, mene ne jabru? A Larabci kalmar ita ce ɗori, gyaran ƙashin da ya karye. Har a ƙasar Sifaniya an daɗe ana kiran maɗori da suna daga wannan kalma. A lissafi kuwa, a ce kana da sikeli mai hannu biyu da suka yi daidai, amma a hannu ɗaya akwai giɓi, an cire wani abu. Sai ka cike giɓin, ka ƙara daidai wannan a ɗaya hannun, don kada sikeli ya karkata. Ɗorin ke nan. Muƙabala kuma ita ce ka sa hannayen biyu fuska da fuska, abin da ya zo iri ɗaya a nan da can ka kwashe shi. Misali daga kasuwar hatsi: mutum biyu sun auna, an ce buhu 3 da tiya 10 na wannan daidai suke da buhu 2 da tiya 50 na wancan. Kwashe buhu 2 daga kowane ɓangare, kwashe tiya 10 daga kowane ɓangare. Abin da ya rage, buhu ɗaya tiya 40 ne. Duk ɗan kwaleji da mushe ya ce masa ya ƙetarar da lamba zuwa ɗaya gefen ya juya mata alama, jabru da muƙabala yake yi, ko da ba a taɓa gaya masa sunansu ba.

Abin da zai ba ɗalibin yau mamaki shi ne, a duk littafin babu iks, babu alamar tarawa ko ta daidaito. Komai da kalmomi ne, har lambobin ma da baƙaƙe aka rubuta sunayensu, kamar mai ba da labari. Abin da ake nema ya kira shi shai'u, wato abu, ko jizru, wato saiwa. Idan aka ninka abun da kansa ya kira shi malu, dukiya. Lambar da aka sani kuma sau da yawa dirhami yake ce mata, kuɗin zamaninsu. Harshen kasuwa ne da na zauren alƙali. Da waɗannan uku ya nuna cewa duk tambaya irin wannan, komai tsawonta da ruɗaninta, idan aka yi mata ɗori da muƙabala sai ta faɗo cikin ɗaya daga cikin siffofi shida, kuma kowace siffa ya ba ta hanyar warwararta mataki bayan mataki. A ganinmu nan ne gwanintar take. Wasu kafin shi sun warware tambaya ɗaya ɗaya. Shi kuwa ya fara da ware nau'o'in gaba ɗaya, kafin ya kawo misalai.

Bari mu gwada hanyarsa da misalinmu na gida, wanda ke kusa da ƙasa ya zana da tsinke. Mai albasa a Galmi yana da garka mai kusurwa huɗu, tsawo da faɗi daidai. Ya ƙara sayen wani yanki a jikinta ta gabas, tsawonsa ɗaya da na garkar, faɗinsa mita 10. Da aka auna duka, an samu murabba'in mita 600. Tsawon garkar ta asali nawa ne? Al-Khawarizmi zai ce ka tsaga sabon yankin gida biyu a tsaye, kowane mai faɗin mita 5. Ka bar ɗaya a gabas, ka ɗauke ɗayan a zuci ka manna shi ta kudu. Yanzu fili ya kusa zama murabba'i cikakke, sai dai a kusurwar kudu maso gabas akwai ɗan gurbi mai mita 5 kowane gefe, wato 25. Cike gurbin: 600 da 25 sun zama 625. Wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 625? Ita ce 25. To gefen babban filin mita 25 ne. Cire 5 ɗin da ka manna, saura 20. Garkar mita 20 ce. A gwada a gani: 20 sau 20 ya ba da 400, 20 sau 10 ya ba da 200, jimla 600.

Ɗan lise zai rubuta wannan a layi biyu. Zai nemo delta ya samu 2500, saiwarta 50, ya fito da amsa 20. Deltar nan da ake haddacewa, wannan tsage-tsage da manne-mannen fili ne aka dunƙule a cikin haruffa. Shi ya sa muke ganin asara ce yaro ya haddace ta bai taɓa ganin zanen ba, don ranar da hadda ta kuɓuce a ɗakin jarrabawa babu abin kamawa. Al-Khawarizmi bai tsaya ga ba da hanya ba, sai da ya zana siffa ya nuna dalilin da ya sa hanyar ke aiki. Masu gyaran takardun BAC ma abin da suke nema ke nan: amsa tsirara ba ta cika kawo maki ba, sai an ga ta inda aka bi.

Akwai inda yaran yau suka wuce shi. Lissafin garkar nan yana da amsa ta biyu, 30 ƙasa da sifili, kuma ana son ɗalibi ya fito da ita, sannan ya ce ba ta dace da fili ba. Al-Khawarizmi bai karɓi lambar da ke ƙasa da sifili a matsayin amsa ba, kuma wannan ne ma ya sa siffofinsa suka kai shida, inda yau ake haɗa su a ɗaya. Amma a ɗaya daga cikin siffofin ya gano cewa tambaya tana iya samun amsa biyu, ko amsa ɗaya tak, ko ta zama ba ta yiwuwa sam, kuma ya faɗi yadda za a gane kowane hali. Hukunce-hukuncen delta guda uku ke nan da ke rubuce a kayen kowane ɗan lise.

Kusan rabin littafin kuwa a kan wasiyya da gado yake, kuma nan ne ya fi shafar mu. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure aka kai babin fara'ili a Risala ya san wurin yana sa gumi. Rabo takwas ɗaya na mata, shida ɗaya na uwa, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, duk wannan ana iya binsa da lissafin kai. Inda abin ke cakuɗewa shi ne idan mamaci ya bar wasiyya da aka ɗaure da rabon magada, alhali rabon magadan bai fitowa sai an cire wasiyyar. Kowane yana jiran ɗaya. Ga misali mai sauƙi: mutum ya rasu ya bar ƴaƴa maza uku da dukiyar jika 700 bayan an biya bashi. Ya yi wasiyya a ba wani maraya da ya rena daidai abin da kowane ɗa zai riƙa a hannunsa a ƙarshen rabo, amma a rage jika 100. Kira rabon ɗa abu. Ƴaƴa uku abu uku, maraya abu ɗaya ban da 100, ke nan abu huɗu ban da 100 shi ne 700. Yi ɗori, ƙara 100 nan da can, abu huɗu ya zama 800. Kowane ɗa jika 200, maraya jika 100, kuma wasiyyar ba ta haura sulusi ba. Hukuncin wasiyya dai na malaman fiƙihu ne, mu lissafin kawai muka nuna. Na cikin littafin sun fi wannan wuya nesa ba kusa ba, akwai na bashin da ke kan ɗaya daga cikin magada, akwai na kyautar da aka yi a ciwon ajali. Amma wanda ya taɓa ganin ƴan ɗaki ɗaya sun daina gaisawa saboda gona ya san abin da lissafi bayyananne, wanda kowa zai iya bi da idonsa, yake iya karewa.

Sai mu faɗi gaskiya a kan wani abu, don ana yawan yaɗa shi a WhatsApp. Ba Al-Khawarizmi ne ya ƙirƙiro sifili ba, kuma ba shi ne farkon wanda ya warware irin lissafin garkar nan ba. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙin dai, sun yi shi a kan allunan yumɓu fiye da shekara 2000 kafin a haife shi. A Hindu kuma, Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin aiki da sifili da lambobin ƙasa da sifili tun 628. Abin da ya yi ya ishe shi girma ba sai an ƙara masa gishiri ba: ya mayar da dabaru warwatsattsu fanni guda mai suna, mai ƙa'ida, wanda za a iya koyar da shi.

Zancen sifilin ya samo asali ne daga wani littafinsa na daban, kan lissafi da lambobin Hindu, alamomi tara da ɗan da'irar da ke riƙe gurbin da babu komai. Asalin Larabcin wannan littafi ya ɓace, fassarar Latin ta ƙarni na 12 ce ta tsira. Masu fassarar suka murɗe sunansa ya koma Algoritmi, har Turawa suka riƙa kiran lissafi da sababbin lambobin da wannan suna. Sannu a hankali kalmar ta koma nufin duk wata hanya mai matakai da ake bi a kai ga amsa. Ita ce algoritim da ake faɗa yau, mai zaɓo maka bidiyon da za ka gani a Facebook, mai lissafa kuɗin da ɗan uwa ya turo ta salula. Kalmarmu ta sifili ma daga sifr ta Larabci take, kuma daga gare ta Faransanci ya samo kalmarsa ta lamba da ta sifilin duka biyu.

Bai tsaya ga lissafi ba. Ya tsara jadawalin tafiyar rana da wata da taurari, wanda ya gina galibi a kan wani littafin Hindu da aka kawo Bagadaza tun zamanin Mansur. Ya yi rubutu kan asɗurlabi, na'urar tagulla da ake auna tsayin tauraro da ita, da kan agogon inuwa, da kan kalandar Yahudawa. Sannan akwai littafinsa na siffar ƙasa, Suratul Ardi, inda ya jera wurare fiye da 2400, garuruwa da duwatsu da tekuna da koguna, kowane da ma'aunin inda yake. Ya bi sawun Batlimus na Iskandariya amma ya gyara masa kurakurai, ciki har da tsawon Bahar Rum da Batlimus ya zarce da shi. Wani abu da ya kamata mutanen bakin kogin Isa su sani: a cikin wannan littafi ne aka samu ɗaya daga cikin ambato mafi daɗewa na garin Gawo, da sunan Kaukau, tare da tsohuwar daular Gana. Ke nan tun ƙarni na 9 labarin yankinmu ya bi ayarin raƙuma ya ƙetare Sahara har ya shiga taskar halifa. Kwafi ɗaya tak na littafin ya rage, yana Strasbourg a Faransa.

Ya ga bayan Ma'amun, ya ga mulkin Mu'utasim, ya kai na Wasiƙ. Ɗabari, mai babban littafin tarihi, ya kawo labarin cewa da Wasiƙ ya kwanta ciwo a 847, an tara masana taurari a kansa, har da Muhammadu ɗan Musa Al-Khawarizmi. Suka duba, suka yi masa albishir da ƙarin shekara 50. Bayan kwana goma halifa ya cika. A zamanin nan awon taurari da duba a tukunya ɗaya suke, kuma mai cin abincin fada ba kasafai yake gaya wa sarki abin da ba ya son ji ba. Ƴan shekaru bayan haka shi ma ya bi.

Littafin aljabarar kuwa ya ci gaba da tafiya. Abu Kamil a Masar ya ɗora a kansa, Al-Karaji ya ƙara, Umar Khayyam ya kai ga lissafin da abu ke ninkuwa sau uku. A 1145 wani Bature ɗan Ingila, Robert na Chester, ya fassara shi zuwa Latin a garin Segovia na Sifaniya. Leonardo na Pisa, wanda ake kira Fibonacci, ya koyi lambobin Hindu yana yaro a Bijaya ta Aljeriya inda mahaifinsa ke aiki, ya kuma fitar da nasa littafin a 1202. Ƴan uwanmu da ke aiki a Bijaya, ga labarin garinku. Haruffan ne suka zo daga baya, kuma su na Turawa ne: alamar daidaito a 1557, sai Descartes Bafaranshe a 1637 ya tsayar da al'adar kiran abin da ba a sani ba iks, igirek da zed. Logaritim da lambobin da ake kira kompleks, waɗanda ƴan ajin ƙarshe na siri C da D ke kokawa da su, su ma bayansa aka same su da ɗaruruwan shekaru. Amma yaron da bai iya ɗori da muƙabala ba tun daga kwaleji, ba ya kai wa can da ƙafarsa, ko da an tura shi.

A 1258 Mongol suka rushe Bagadaza, taskokin littattafanta suka salwanta. Sanannen kwafin Larabci na aljabarar an rubuta shi ne da hannu a 1342, yana ajiye a Oxford ta Ingila, kuma daga shi aka buga littafin tare da fassarar Ingilishi a 1831. A 1983 Tarayyar Sobiyet ta buga kan sarki da hoton da aka ƙaddara nasa ne, don cikar shekara 1200 da haihuwarsa. A Khiva an kafa masa mutum-mutumi, kuma akwai wani rami a bayan wata, ɓangaren da ba ma gani daga nan, da aka sa wa sunansa.